Kashe Kaifi

Shekarata biyu ke nan ina haya a Kampung Baru, unguwar Malayawa da ke tsakiyar Kuala Lumpur. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya yarda akwai irin wannan wuri a cikin birnin. Gidajen katako ne a kan dogayen ƙafafu, ga ayaba da kwakwa a tsakar gida, ga kaji suna kiwo, amma da ka ɗaga kai sai ka ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 suna leƙo ka. Kogin Klang da wata babbar hanya ne kawai suka raba mu da su. Tun da aka buɗe gadar Saloma a watan Fabrairun 2020, a ƙafa ma mutum yake tsallakawa.

Na zaɓi unguwar ne saboda haya da sauƙi, ga abinci na halal ko'ina, ga shi ba ta da nisa da harabar jami'ar UTM ta Jalan Sultan Yahya Petra, inda nake digiri na biyu a fannin gine-gine. Mai gidan da nake zaune wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu. Mak Cik nake ce mata, kamar dai mu ce Gwaggo ko Inna. A falonta akwai wani tsohon kabad na kwanuka da ta ce na mahaifiyarta ne. Almari suke kiransa. Kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, sai a watan Nuwambar da ya wuce, lokacin da ruwan sama yake sauka kusan kowace la'asar, ƙyaurensa na hagu ya saki ya karkace. Da aka duba, ashe gara ce ta cinye sandar ƙasa ta ƙyauren daga ciki, ta bar fatar waje kawai.

Mak Cik ta kira wanta, tsohon kafinta wanda ya haura shekara saba'in. Ya zo a kan babur da jakar kayan aiki da wani guntun katakon nyatoh a ɗaure a baya. A ƙarƙashin gidan ya kafa aikinsa, tsakanin ginshiƙan katakon cengal da suke ɗauke da gidan tun kafin a haifi Mak Cik. Ni kuwa ranar ba ni da darasi, sai aka ce in kai masa shayi. Na ajiye shayin zan juya, idona ya faɗa kan ƙyauren da ya kwantar a kan benci.

Ƙyauren irin mai firam ne da allo a tsakiya: sanduna biyu a tsaye, biyu a kwance, allo ɗaya a cikinsu. Amma bakin firam ɗin na ciki, wanda ya kewaye allon, ba a bar shi da kaifinsa ba. An fere shi a karkace, ɗan siririn fili mai sheƙi kamar faɗin fensir. Kuma feren bai kai kusurwa ba. Saura kamar yatsa biyu ya isa inda sandunan suka haɗu, sai ya taso a hankali ya ƙare, katakon ya koma mai kusurwa kamar yadda yake.

Ban san lokacin da na sa yatsana a wurin ba. Na san wannan feren. Shi ne a jikin kabad ɗin Umma a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, wanda take kira kwaba, inda ta jera samirunta da tangaran. Tun ina 'yar shekara bakwai aikina ne duk Asabar in goge shi da tsumma. Yatsana ya bi ta wannan ɗan gangaren sau ɗaruruwa, yana hawa inda ya taso, yana sauka a ɗaya gefen. Ban taɓa tambayar me ya sa yake haka ba, alhali wanda ya yi shi a ɗakin da ke kusa yake kwana.

Babana kafinta ne. Wannan jumla ce da na daɗe ban iya faɗinta kai tsaye ba. Lokacin da na shiga makarantar sakandare ta kwana, duk fom ɗin da aka tambayi sana'ar uba, "ɗan kasuwa" nake rubutawa. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda yana sayar da abin da ya ƙera, amma na san abin da nake ɓoyewa. Ranar ziyara in ya zo, idona na kan farcensa da banish ya rina, ina fatan ƙawayena ba su lura ba. Da kuɗin gadaje da kujeru da kabad-kabad na amare ya biya mini makaranta har na gama Jami'ar Bayero. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna a shagonsa na awa guda ba.

Pak Cik, haka nake kiran dattijon, ya ga na ƙi tafiya, sai ya turo mini wata 'yar kujera da ƙafarsa. Da guntun Malayancina da guntun Turancinsa muka yi hira har magariba, kuma na dawo washegari da jibi.

Abu na farko da ya nuna mini shi ne allon tsakiya ba a manne yake ba. Babu gam, babu ƙusa. A cikin wata siririyar tsaga yake zaune, wadda aka fafe a bakin sandunan huɗu, kuma an bar masa ɗan sarari a dama da hagu. Wannan na san dalilinsa daga aji. Katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan ba ya yi. A Kuala Lumpur, inda laimar iska take kai-kawo wajen kashi 80 cikin 100, ruwan da ke cikin busasshen katako yakan tsaya wajen kashi 16. A Kano da hunturu, lokacin da laimar take faɗowa kashi 20 ko ƙasa da haka, yakan sauka zuwa wajen kashi 5, sannan ya sake hawa a watan Agusta. Allo mai faɗin santimita 30 yana iya motsawa kusan rabin santimita tsakanin damina da rani. In ka ɗaure shi da gam, ko ya tsage ko ya ɓalle firam ɗin. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne, kabad ɗin Umma ya ga hunturu fiye da talatin bai tsage ba, kuma wanda ya yi shi bai taɓa ganin jadawalin laima ba.

Pak Cik ya ce su a nan ba hunturu ne yake kashe musu kaya ba, na'urar sanyaya ɗaki ce. Ya ce sau da yawa 'ya'ya sukan ɗauki almarin iyayensu daga gidan katako su kai shi bene mai sanyi dare da rana, kafin shekara ta zagayo ya fara ƙara da daddare, allunan suna tsukewa, wani farin layi yana fitowa a gefensu inda fenti bai taɓa ba. Shi ya sa, in ji shi, ake shafa wa allo banish tun kafin a sa shi a firam.

Sai ya zo kan sabuwar sandar. Ya fitar mata da harshe a kowane ƙarshe, wanda zai shiga ramin da ke jikin sandunan tsaye. Tanggam suke kiran irin wannan haɗi, a kulle shi da turun katako da suke kira pasak, kuma da shi aka haɗa gidan da muke zaune a ƙarƙashinsa. Ya haɗa firam ɗin ba gam, ya duba, sannan ya ɗauki fensir ya sa alama santimita huɗu daga kowace kusurwa. Ya ja layi biyu, ɗaya a fuskar sandar, ɗaya a bakinta, kowanne milimita biyar daga kaifin. Na tambaye shi me ya sa bai yi amfani da abin tsaga layi mai ƙusa ba, tunda ya fi fensir daidaito. Ya ce ƙusar tana barin rauni a katako, kuma raunin yana nan ko bayan an fere. Na tambaye shi me ya sa biyar, ba takwas ba. Ya juyo da sandar ya nuna mini: kaurinta milimita 21 ne, tsagar allo ta ci bakwai a tsakiya, saura bakwai a gaba, bakwai a baya. In ka fere takwas ka cinye leɓen da yake riƙe allon.

Ya warware firam ɗin, ya matse sandar a benci. Bai fara daga tsakiya ba. Ƙarshen biyu ya fara yi da cizal, wanda suke kira pahat, yana juya shi a kife yana ɗebo katakon kaɗan-kaɗan har gangaren ya fito. Sannan ya share tsakanin, yana bin inda zaren katakon ya kwanta. Da ya ji wuƙar ta fara tsinkar zare maimakon yanka, sai ya juya ya taho ta ɗaya ɓangaren. Bai taɓa wurin da sanfefa ba. Ya ce sanfefa tana dakushe layukan biyu, kuma su ne suke kama haske.

Tambayar da ta fi damuna na ajiye ta ƙarshe. "Pak Cik, me ya sa ba a kai shi har kusurwa?"

Bai amsa ba. Ya ɗauko wasu guntaye biyu, ya fere ɗaya daga farko har ƙarshe da filen, ya kafa ɗayan a jikinsa kamar yadda sandar kwance take haɗuwa da ta tsaye. Nan take na gani. A daidai mahaɗar wani ɗan rami mai kusurwa uku ya buɗe, domin kafaɗar sandar kwance ba ta sami inda za ta zauna sosai ba. Ƙura za ta taru a nan, ruwan tsumma zai shiga, kuma daga nan haɗin zai fara sakewa. Ya ce masu sauri sukan haɗa ƙyauren tukuna, su zagaya cikinsa da ƙaramin injin hannu mai juya wuƙa, minti biyu an gama. Ba laifi ba ne, in ji shi, amma injin ba ya iya shiga kusurwa, sai ya bar ta a zagaye, kuma duk mai ido zai gane. Amfanin feren kuwa uku ya lissafa mini da yatsunsa: baki mai kaifi shi ne yake fara ɓantarewa, banish ba ya zama a kan kaifi, kuma ƙura da ruwa sun fi saurin gangarowa daga sandar ƙasa in an fere ta.

A daren nan na zauna ina lissafin lokaci. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai. Na jira har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da na san Baba ya dawo daga sallar la'asar.

Sai na faɗi gaskiya game da wayata da Baba. Shekara biyun nan ba ta wuce minti uku. Gaisuwa, ya karatu, ya jiki, Allah ya yi albarka, sai ya miƙa wa Umma. Ita kuma Umma duk inda hira ta fara, a wuri ɗaya take ƙarewa: shekarata 28, ƙannena biyu mata suna ɗakunansu, mutane suna magana. Kowacce a cikin 'yan'uwana mata Baba ne ya yi mata kabad da hannunsa. Nawa ya fara shi a 2019, da katakon maɗaci da ya zaɓo da kansa a 'Yan Katako ta Na'ibawa, lokacin da ake maganar aurena da wani. Maganar ta watse, na taho karatu, kabad ɗin ya tsaya. Tun daga nan ko sunansa ba na son ji, domin a kunnena ba kabad ake cewa ba, gori ake yi mini. Ana cikin haka yana ta rufe wa Baba ido, ta fara da na dama. Yanzu yaransa ne suke aikin, yawanci da allon MDF, tunda shi amare suke so, mai ƙyalli irin na kayan Turkiyya. Yayana kuma ya fara maganar a saki shagon in kuɗin haya ya ƙare.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, tambaya gare ni. Wannan ɗan feren da ke cikin ƙyauren kwabar Umma, me ake ce masa?"

Ya yi shiru har na duba ko wayar ta yanke. Sannan ya ce, "Uwata, wa ya aike ki?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Na ba shi labarin Pak Cik. Ya ce shi dai kashe kaifi yake ce masa, haka maigidansa da ya koya masa aiki yake faɗa. Ya tambaye ni taku nawa mutumin ya bari kafin kusurwa. Na ce santimita huɗu. Ya ce shi inci ɗaya da rabi yake bari, kusan duk ɗaya ne. Ya tambaya ko da fensir ya ja layi. Na ce da fensir. Ya ce, "To, ya san aiki." Ya tambayi irin katakon, ko yana da nauyi, ko yana da ƙanshi, ko gara tana cinsa. Ya yi mini bayanin yadda yake jingine maɗaci a inuwa ya shekara kafin ya taɓa shi, da yadda in zai haɗa ƙyaure da hunturu yake barin sarari mai yawa a tsagar, tunda allon zai kumbura da damina, in kuwa da damina ne sai ya bar kaɗan. Minti arba'in da bakwai muka yi. Na ga adadin a fuskar wayar bayan mun gama. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka ba, kuma na gane ba don ba shi da abin faɗa ba ne. Ba a taɓa tambayarsa ba ne, aƙalla ni ban taɓa ba.

Kafin mu rabu na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, nawa fa, ina ya tsaya?"

Ya ce jikin kabad ɗin ya haɗu tun tuni. Ƙyamare huɗu ne suka rage. An fitar da harsuna, an fafe ramuka, allunan suna nan a naɗe cikin buhu. Kashe kaifin ne bai yi ba, kuma yanzu ba ya ganin layin fensir. Yaran sun ce su zagaya shi da inji, ya hana. Na ce masa ai ba a san ranar auren ba. Ya ce, "Ni kabad na ce zan yi miki, ban ce zan yi miki miji ba. Wannan na Allah ne. In littattafai za ki zuba a ciki, ki zuba."

Na yi kuka bayan na ajiye wayar, a hankali, don bangon katako ba ya rufa asiri.

Washegari na roƙi Pak Cik ya koya mini. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya miƙo mini guntun nyatoh da cizal. Na farko na tsaga shi, domin na tafi gaba da zaren katakon. Na biyu na wuce layi. Na uku gangaren ƙarshensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na yanke a ɗan yatsa sau biyu. Duk Asabar yanzu ina hawa jirgin ƙasa daga tashar Kampung Baru in je gidansa, in yi awa biyu, matarsa ta cika ni da abinci. Ba ya karɓar kuɗi. Ya ce 'ya'yansa uku babu wanda ya ɗauki cizal, ɗaya yana banki, biyu suna aikin kwamfuta, kuma shi ne ya hana su da bakinsa, don ba ya son su sha wahalar da ya sha. Na ce Babana ma haka ya yi da mu. Ya yi dariya ya ce to ai sun yi nasara, shi ya sa babu mai gyara almari.

Ita kanta unguwar ba ta san gobenta ba. A 1900 Turawan mulkin mallaka suka ware ta a matsayin matsugunin noma na Malayawa, kuma har yau Bamalaye ne kaɗai yake iya mallakar fili a ainihin cikinta. A 2011 aka yi dokar da ta kafa hukumar raya Kampung Baru. A 2019 gwamnati ta taya filayen a kan ringgit 850 kowace ƙafa murabba'i, daga baya ta ƙara zuwa 1,000, amma cinikin bai faɗa ba. Ɗaya daga cikin dalilan zai zama sananne ga duk ɗan cikin birnin Kano: fili ɗaya, magada masu yawa, wasu ma ba a raba gadon kakanninsu ba. Mak Cik ta ce a gidan nan wasu suna son a sayar, wasu ba sa so, kuma ba ta zargin kowa, tunda masu son sayarwar haya suke biya a wani wuri. Abin da ta sani shi ne duk inda za ta koma da almarin za ta tafi. Pak Cik ya ce mata to kada ta sa shi a ɗaki mai na'urar sanyi.

Makon jiya na yi na goma sha ɗaya, kuma shi ne na farko da Pak Cik ya juya a hannunsa bai ce komai ba. Na ɗauki hotonsa ta kowane gefe na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Amsar ta zo a saƙon murya. Ya ce hoto ba ya gaya masa komai yanzu, in taho da shi ya shafa.

Na yi lissafin kuɗin da na tara don sayen sabuwar kwamfuta, na ga zai kai ni Kano ya dawo da ni in na bi jirgi mai tsayawa a hanya. Na sayi tikitin watan Fabrairu, lokacin hutu. Na kira Yaya na roƙe shi ya bar maganar shagon zuwa bayan zuwana. Bai yi alkawari ba, ya dai ce zai duba, kuma na san kuɗin hayar daga aljihunsa yake fita. An sa wa Baba ranar aikin ido a watan Maris, likita ya ce akwai kyakkyawan fata a ido ɗaya. Ƙyamare huɗu, kowanne baki huɗu, baki goma sha shida ke nan, ni kuma mako uku gare ni. Maɗaci ba nyatoh ba ne, Baba ya ce zarensa yana juyawa ba gargaɗi, sai na yi a hankali. Shi zai riƙa shafawa yana gaya mini inda na kauce.

Guntun katakon yana cikin akwatina, a naɗe da ɗankwali. Na gaya wa Baba ina tsoron in ya sha iskar Kano zai tsuke ko ya murɗe kafin ya gani. Ya ce zai tsuke mana, in na iso in ajiye shi a shago ya kwana bakwai tukuna, sannan a duba.